Rabin Duro a Gindin Kurna

Bazarar bana ta zo da ƙarfi. Tun kafin azahar kwalta ke yin laushi, masu keke su fake a gindin dogon yaro su ƙi ɗaukar kowa sai rana ta karya. A gidana na Runjin Sambo akwai na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar da ruwa a bayan taga. Idan akwai wuta, sai ka ga tsuntsaye sun jeru a wurin, kowa na jiran ɗigonsa. Idan an ɗauke wuta, sai su zauna a kan katanga baki buɗe, fukafukai a sake, suna kallon busasshen bututun. Ran Talatar da ta wuce na tarar da kurciya ɗaya a ƙarƙashinsa, ta mutu. Na ɗauke ta, ba ta da nauyin komai. Ranar ban iya fita kasuwa ba.

Ni dillalin hatsi ne da albasa, kuma ba wanda ya bar mini gadon wannan sana'a. Na san yadda ake duba buhu a gane an yi masa ha'inci daga ƙasa, na san mai sayarwar da yunwa ta koro da wanda ya zo gwada kasuwa kawai. Ba ni da saurin jin tausayi, mutane sun san ni da haka. Amma akwai wata bazara da ta wuce shekara arba'in yanzu, wadda har yau ban gama da ita ba.

Lokacin ina da shekara ashirin da ɗoriya. Muna zaune a wani ɗan ƙauye a kan tudu, gaba da Dundaye, mu huɗu: Baba, Inna, ni, da yayata Kulu, wadda mijinta ya tafi cin rani kudu ya daɗe ba labari, ta dawo gida. Damina biyu a jere ba ta yi ba. Ta farko gero ya fitar da kai ya tsaya. Ta biyu ko kai bai fitar ba, muka yanke kara muka ba awaki. Kafin bazara ta tsaya sosai rijiyar ƙauye ta koma laka, daga baya lakar ma ta tsage.

Ga yadda ranarmu take. Da an sallame asuba nake ɗaura wa jaki garwa huɗu in nufi gulbi. Gulbin ba ruwa a samansa, sai rairayi fari. Kowa ya tona raminsa, ya zauna yana jiran ruwa ya tsattsafo, yana kwasa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan. Maza da mata a jere, ba mai yawan magana, don magana ma tana busar da baki. Kafin in cika garwa huɗu rana ta ɗaga. A hanyar dawowa ƙasa tana cin tafin ƙafa ta cikin takalmi, jakin ya tsaya ya ƙi tafiya, in rungumi wuyansa in ja.

Inna ce mai rabon ruwa. Na sha daban a randa, na girki daban, na awaki biyu da suka rage mana daban. Abincinmu a lokacin anza ne, 'ya'yan wani ɗan itace na daji masu ɗaci kamar maɗaci. Kulu da matan ƙauye ke tafiya nesa su tsinko. Sai an jiƙa an zubar, an sake jiƙawa an zubar, kwana da kwanaki, kafin ya ciwu. Ruwan jiƙon ko akuya ba ta sha. Idan an dafa, Inna ta barbaɗa ɗan gishiri, mu ci, ciki ya cika amma ƙafa ta ci gaba da rawa. A cikin rumbu akwai dami ɗaya na gero, iri ne, an rataye shi a sama. Kowa ya san yana nan. Ba wanda ya taɓa ambatonsa.

Baba yana da hakiya a ido biyu. Yana ganin haske da inuwa, yana gane mutum idan ya matso, amma da sanda yake tafiya. A bakin gonarmu, dab da gida, akwai wata tsohuwar kurna, a gindinta kuma akwai kasko da ya gada daga mahaifinsa. Kowace bazara ana zuba wa tsuntsaye ruwa a ciki. A waccan shekara da ruwa ya zama abin aunawa, Baba ya je ya tambayi limamin ƙauye, liman ya ce ya halatta ya yi taimama ya ba mai rai ruwan. Daga ranar Baba ya daina alwala da ruwa. Inna ta zuba masa rabonsa a buta, ya dafa sanda ya kai gindin kurna, ya dawo ya bugi ƙasa da tafinsa ya yi salla.

Ba ya ganin tsuntsayen, amma ya san su da murya. Ya ce wannan hazbiya ce, wannan marai ne, waɗannan masu ƙaramar murya bainu ne. Duk itatuwan tudun sun yi tsit, kurnarmu kaɗai ke da hayaniya.

Gidaje sun fara tashi. Wasu sun nufi birni, wasu kudu. Ni ma na matsa wa Baba mu tashi. A lokacin ina kai wa wani mai hatsi a birni albasa idan na samo daga fadama, kuma mutumin ya taɓa ce mini idan tsohona zai saki gonar, in zo wurinsa kafin kowa. Na ga kasuwa, na ga yadda mutum ke tashi da safe ba shi da komai ya koma gida da abin tuwo, ba tare da ya ɗaga kai ya dubi sama ba. Na gaji da duban sama.

Wata rana bayan la'asar na sake tayar da maganar. Baba ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ummaru, kana jin su?"

Na ce, "Ina ji, Baba."

Ya ce, "Tsuntsu ya hi mu sanin ƙasa. Muddin suna bisa kurnag ga, ƙasag ga ba ta mutu ba, ruwa na tahe. Ran da sunka tashi, ko sunka hwara mutuwa alhali ga ruwa gabansu, to ba sai ka sake yi min magana ba. Ni da kaina zan ce a ɗaure kaya."

Inna tana tankaɗe anza a gefe, ta ce, "To Malam, mu da tsuntsaye wa ka kiwon wani?"

Ya yi dariya, ya ce, "Ke dai zuba min rabona."

Matsalar kaskon ita ce ba shi da zurfi, kuma yumɓu yana shan ruwa. Abin da aka zuba da safe, kafin hantsi ya ƙare. Sau biyar Baba ke zuwa a cikin wannan rana, wata rana ya dawo yana haki, leɓɓansa sun yi fari. Ni mutum ne mai neman dabara tun ina yaro. Na lissafa cewa rabin ruwan ƙasa da rana ke shanye shi, ba tsuntsaye ba. Da na shiga birni sai na samo rabin duro na ƙarfe wurin wani maƙeri, na ɗoro a jaki. Na wanke shi da rairayi da toka har warin mai ya fita. Na haƙa rami a gindin kurna na binne shi, bakinsa daidai da ƙasa, don ruwan ya yi sanyi. Na yi tafiya biyu zuwa gulbi a rana ɗaya na cika shi taf.

Ina so a fahimce ni a nan. Da zuciya ɗaya na yi wannan aiki. Tsohona nake so ya huta.

Ranar farko abin ya yi kyau. Tsuntsaye suka kewaye bakin duron kamar mata a bakin rijiya. Har cilakowa ta sauko, wadda mun daɗe ba mu gani ba. Baba ya shafa bakin ƙarfen da hannunsa, ya sa mini albarka, ya gaya wa duk wanda ya wuce cewa ɗansa ya yi wa tsuntsaye rijiya.

Abin da ban lissafa ba shi ne cika shi. Ruwan buta ɗaya yana cika kasko, amma a cikin duro ba ya ko nuna an zuba. Ba zan iya tafiya biyu kullum ba, jakin ma ba zai iya ba. Ruwa ya fara sauka. Rana ta biyu ya sauka yatsa uku, rana ta huɗu ya kai taƙi guda daga baki. Ƙarfe kuma santsi gare shi.

A rana ta huɗun na dawo daga gulbi na tarar da Kulu durƙushe a bakin duron, hannunta a ciki har kafaɗa. A gefenta bainu shida da kurciya ɗaya, jiƙe sharkaf, ta jera su a ƙasa.

Ta ce, "Diba aikinka. Suna miƙa wuya su sha, su zame, ba su iya hitowa. Ka ɗauko gatari ka saro reshe ka jingina ciki, su samu abin takawa."

Na ce, "Bari in sauke jaki, Adda."

Ta ce, "Kada ka manta, mai dabara."

Ta shiga gida. Na sauke garwa, na ba jaki ruwa, na zauna a inuwar zaure in ɗan huta, barci ya ɗauke ni. Ƙarar sandar Baba ce ta tashe ni, lokacin azahar, ya nufi kurna da butarsa. Na bi shi. Sandarsa ta taɓa wani abu mai laushi, ya tsaya. Ya sunkuya a hankali ya lalubo, ya ɗauki kurciyar. A wannan zafi ba abin da ke daɗewa da laima. Gashinta ya bushe ƙarau, kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ya lalubo sauran ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ummaru, da ruwa cikin duron?"

Na ce, "Akwai, Baba."

Ya zura sandarsa ciki, ya fito da ita, ya taɓa bakinta ya ji laima. Ya buga gefen duron sau ɗaya, ƙarfen ya amsa. 

Ya ce, "Ga ruwa, kuma sunka mutu."

Maganar tana bakina. Ba ta da tsawo: nutsewa suka yi, laifin duron ne, yanzu zan sa reshe. Na ji ta a harshena. Amma a lokacin na tuna abin da ya faɗa da la'asar ɗin nan, na tuna mai hatsi, na tuna rairayin gulbi da zan koma gobe da jibi da gata. Na yi shiru. Ya juye ruwan butarsa a duron, muka koma gida.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce gajiya ce da yunwa. Amma washegari Kulu ta fita neman anza tun da asuba, ba za ta dawo ba sai yamma. Gatari yana jingine a bayan zaure, na wuce shi. Da na dawo daga gulbi na tarar da wasu biyar suna yawo a kan ruwan. Na tsamo su da hannuna. Zan iya jefa su bayan shinge, ba wanda zai sani. Sai na ajiye su a kan hanyar da sandar Baba ke bi.

Da yamma, bayan mun ci anza, ya ce wa Inna ta fara haɗa kaya. Ya ce mini in je in ga mutumin nan na birni.

Da safe Kulu ta leƙa duron ta ga ba reshe.  Ta shiga ɗakin Inna ta ɗauko tsohuwar taɓarya, wadda ta daɗe ba ta ga turmi ba, ta jingina ta a ciki. Daga ranar ba tsuntsun da ya sake mutuwa. Amma Baba ya riga ya yi magana, kuma shi ba ya magana biyu. Ta same ni ina ɗaure jaki.

Ta ce, "Ka hwaɗa mai."

Na ce, "Zan hwaɗa."

Ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "In na dawo."

Na dawo da mai hatsi da shaidu biyu. Gonar Baba ita ce ciniki na farko da na taɓa ƙullawa a rayuwata, kuma na yi shi da kyau, na matsa wa mutumin har ya ƙara buhu biyu na dawa a kan abin da ya fara faɗa. Ya dube ni ya ce yaron nan zai yi kasuwa. Ya kuwa ɗauke ni aiki a makon.

Muka sauka a Ƙofar Marke, a gidan wani ɗan'uwan Inna da ya ba mu ɗaki biyu. Akwai famfo a bakin titi, yana zuwa da safe. Ranar farko Baba ya yi alwala da ruwa, ya daɗe yana wanke fuskarsa. Damin irin nan mun taho da shi. Tun da babu gona, Inna ta sussuke shi ta daka, ta yi mana fura. Ban taɓa shan fura mai daɗinta ba, kuma ban iya gama kofina ba.

Kwana goma sha tara bayan tashinmu, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso mai sanyi, ta kwashe tabarmi da kwanuka a tsakar gida. Sai ga ruwa, manyan ɗigo da farko, kowanne yana tayar da ƙura, daga baya ya tsuge. Ƙamshin ƙasa ya cika unguwa. Yara suka fita tsirara suna tsalle a lungu. Baba yana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ya miƙa hannu waje har ruwa ya cika tafinsa.

Ya ce, "Wanga ruwan shuka na. Ina iri?"

 Inna ta tashi ta shiga ciki.

Ni mai auna abu ne, don haka zan faɗi ɗaya gefen. Daminar ba ta yi wani kyau ba. Waɗanda suka tsaya sun samu abin da ya kai su rabin rani, ba fiye ba. Da mun tsaya, wataƙila da Inna ba ta kai ba, don ƙafafunta sun fara kumbura kafin mu taso. A birni ta warware. Mijin Kulu ya dawo ya same ta da rai. Ni na yi gida, na aurar da 'ya'ya, na kai Inna Makka. Duk wannan na sha jera wa kaina shi. Lissafin yana tsayuwa daidai, sai in tuna hannuna yana ajiye tsuntsayen nan biyar a kan hanya.

Baba ya yi shekara huɗu a Ƙofar Marke, bai sake riƙe fartanya ba. Yana zama a zaure daga safe zuwa yamma, yana sauraron masu wucewa. Bai taɓa yi mini maganar gonar ba, ko sau ɗaya. A bazararsa ta ƙarshe ya sa aka samo masa wani kwanon sha da ya tsufa, ya ce in ɗora masa a kan katanga in zuba ruwa. Na ɗora, na zuba, na juya zan tafi.

Ya ce, "Sa dutse tsakiya, Ummaru. Ƙananan ba su iya hita in ruwa ya yi nisa."

Na tsaya ina kallonsa. Fuskarsa tana wajen katanga, idanun nan farare, ba abin da na iya karantawa. Na nemo dutse na sa. Wannan ce dama ta ƙarshe da na samu, ita ma na bar ta ta wuce. Ya rasu kafin kaka.

Inda gonar take yanzu gidajen bulo ne, da shagon cajin waya a kusurwa. An sare kurnar tuntuni. Na taɓa tsayar da mota a wurin, ban gane ko ina ne gindinta ba.

Bayan kurciyar ran Talata sai na kira magini. Na nuna masa gindin dogon yaron da ke tsakar gidana, na ce ya yi mini wurin shan ruwan tsuntsaye. Ya ce zai yi mini mai zurfi kamar ƙaramin tanki, a cika sau ɗaya a huta mako guda. Na ce a'a. Faɗi nake so, zurfin gaɓar yatsa biyu a tsakiya, gefe ya kwanta a hankali, kuma kada ya goge simintin, ya bar shi da kaushi ya watsa tsakuwa. Ya ce, "Alhaji, wanga ai kullum sai an zuba, sau uku ma." Na ce na sani. Ni zan riƙa zubawa.

Jiya Kulu ta zo daga Dundaye a keke, wai ta zo ganin jikoki. Ta tsufa, ta rankwafa, amma bakin yana nan. Na kai ta gindin dogon yaro. Akwai marai biyu a bakin wurin shan ruwan, suka tashi da muka matso. Ta zagaya shi a hankali.

Ta ce, "Mai dabara ya sake gini."

Na kawo mata kujera ta zauna. Can sai marai suka dawo. A shekara arba'in ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da ita.

Na ce, "Adda, Baba ya sani?"

Ba ta tambaye ni me nake nufi ba.

Ta ce, "Ban sani ba. Bai tambaye ni ba, ni ko ban hwaɗa mai ba. Kana tsammanin kai ɗai ag gaji da anza?"

Na ce, "Biyar ɗin nan na washegari, ni na aje su bisa hanya. Da gangan."

Ta ce, "Na sani. Na ga sawunka."

Ta tashi da ƙyar, ta dafa gwiwa ta sunkuya, ta tsoma yatsa a tsakiyar ruwan. Bai wuce gaɓa ta biyu ba. Ta taɓa tsakuwar, ta shafa gefen ta ji kaushinsa. Na ce mata ko ɗan tsako ba zai nutse a nan ba.

Ta ce, "Na gani."

Duk da haka ta miƙa hannu ta karyo reshen dogon yaro, ta zage ganyen, ta jingina shi a ciki.